Eilhard Mitscherlich (1794–1863): Masanin Farisanci da Ya Gano Yadda Zafi ke Sauya Sigar Kiristal

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Eilhard Mitscherlich, Bajamushen da ya soma neman ilimi da nazarin rubutattun littattafan Farisanci, daga baya ya koma ilimin sinadarai har ya zama farfesa a Jami'ar Berlin. An tsaya a kan abubuwa biyu daga cikin gadon da ya bari. Na farko shi ne gano cewa sinadari ɗaya yana iya ɗaukar siga fiye da ɗaya, kuma zafi ne sau da yawa ke zaɓar sigar da zai zauna a kanta. Na biyu shi ne bayanin da ya yi a kan sinadaran da ke hanzarta haɗuwar wasu ba tare da su kansu sun ƙare ba. Maƙalar ta nuna cewa waɗannan abubuwa biyu, da shi ya nazarce su daban-daban, su ne suka haɗu suka zama ginshiƙin binciken da ake yi a yau a kan katalis na oksayid ɗin ƙarafa. An kuma kwatanta su da sanin da magina tukwane da maƙera na ƙasar Hausa suka daɗe da shi game da wuta da ƙasa.

1.0 Gabatarwa

Maginiyar tukwane a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura ta san cewa yumɓun da ya shiga wuta ba ya fitowa yadda ya shiga. Launinsa yakan koma ja, jikinsa ya yi tauri, kuma idan aka yi gaggawar hura wuta sai tukunya ta tsage. Maƙeri ma ya san cewa ƙarfen da aka gasa aka tsoma cikin ruwa halinsa ya sha bamban da wanda aka bari ya huce a hankali, alhali ƙarfen ɗaya ne. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan sani ita ce: me ke sauyawa a cikin abu idan ba a ƙara masa komai ba sai zafi?

Kafin a shiga tarihin mutumin da ya buɗe ƙofar amsar, ya kamata a fayyace kalmomi uku. Kiristal shi ne daskararren abin da ƙwayoyin zarrarsa suke jere bisa tsari mai maimaita kansa, har tsarin ya bayyana a waje da fuskoki da kusurwoyi, kamar yadda ake gani a ƙwayar gishiri ko alif. Oksayid shi ne abin da ke samuwa idan wani sinadari ya haɗu da iskar oksijin. Tsatsa, alal misali, oksayid ɗin baƙin ƙarfe ce. Katalis kuwa shi ne sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai, shi kuma ya fito bai ragu ba. Matsayinsa kamar na dillali ne a kasuwa, wanda ke haɗa mai saye da mai sayarwa, amma ba ya cikin hajar da aka yi ciniki.

2.0 Haihuwarsa da Karatun Harsunan Gabas

An haifi Eilhard Mitscherlich ranar 7 ga Janairu, 1794, a Neuende, wani ƙauye da ke gaɓar teku a arewa maso yammacin Jamus, wanda a yau ya shige cikin birnin Wilhelmshaven. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi makaranta a garin Jever, inda ya faɗa hannun masanin tarihi Friedrich Christoph Schlosser, wanda ya cusa masa son tarihi da harsuna. A 1811 ya shiga Jami'ar Heidelberg, ya duƙufa a kan harsunan Gabas, musamman Farisanci.

A 1813 ya tafi Paris da burin shiga cikin tawagar jakadancin da Napoleon ke shirin aikawa ƙasar Farisa. Mulkin Napoleon ya rushe a 1814, tafiyar ta sha ruwa. Sai ya koma Jamus, ya sauka a Göttingen, inda baffansa Christoph Wilhelm Mitscherlich yake koyar da adabin Girka da Latin. A can ya yi aiki a kan babban littafin tarihin nan na Farisanci, Raudatus Safa, na Mirkhwand wanda ya rasu a 1498. Ya fitar da sashen da ya shafi daular Banu Ɗahir ta Khurasan, kuma da wannan fanni ya sami digirinsa na dakta.

Burin zuwa Gabas bai bar shi ba. Ya lura cewa likita ya fi kowane baƙo samun damar yawo a waɗancan ƙasashe, don haka ya yanke shawarar karanta likitanci. Ɗalibin likitanci kuwa dole ya bi ta ilimin sinadarai, wanda Friedrich Stromeyer ke koyarwa a Göttingen. Da ya shiga wannan fage bai sake fita ba: likitancin bai kammala ba, Farisa ma bai je ba.

3.0 Berlin da Daidaiton Siga

A 1818 ya koma Berlin, ya sami wurin aiki a ɗakin gwaji na masanin tsirrai Heinrich Friedrich Link. Ya soma da nazarin gishirai iri biyu, na fosfet da na arsenet. Sinadaran da ke cikinsu sun bambanta, domin na farko fosforas ne a cikinsa, na biyu kuwa gubar arsenik. Duk da haka, ya ga cewa idan sun daskare siga ɗaya suke ɗauka. Tun da bai ƙware a auna kusurwar kiristal ba, sai ya nemi Gustav Rose, wani matashi masanin ma'adinai, ya koya masa. Awo ya tabbatar da abin da ido ya gani.

Ya faɗaɗa binciken zuwa gishiran salfet na baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, zinki, nikel da sauransu, ya tarar da irin wannan dangantaka. Daga nan ya tsara ƙa'idar da ake kira isomofizim, wato daidaiton siga: sinadarai mabambanta, idan adadin ƙwayoyin zarrarsu da yadda suka haɗu iri ɗaya ne, sukan daskare da siga iri ɗaya, har ɗaya ya iya maye gurbin ɗaya a cikin kiristal ba tare da ginin ya rushe ba. Ya gabatar da wannan ga Cibiyar Kimiyya ta Berlin a watan Disamba na 1819, yana ɗan shekara 25. A ƙasar Hausa, wannan ita ce shekarar da Ibrahim Dabo ya hau gadon sarautar Kano, saɓaninsa da Ɗantunku kuma ya kai ga tsayuwar masarautar Kazaure da ƙafarta.

Ƙa'idar ta ci karo da ra'ayin babban masanin kiristal na lokacin, René Just Haüy na Faransa, wanda ya tafi a kan cewa kowane sinadari yana da sigarsa tak, wadda ba ya tarayya da wani a cikinta. Haüy bai sauka daga ra'ayinsa ba har ya rasu a 1822. Amma wani babban ya karɓi Mitscherlich hannu biyu. Jöns Jacob Berzelius, jagoran masana sinadarai na Suwidin, ya ratsa ta Berlin a 1819, ya ga aikin, ya ba ministan ilimi na Furushiya, Altenstein, shawarar a ba wannan matashi kujerar Martin Heinrich Klaproth, wadda take babu kowa tun rasuwarsa a 1817. Ministan ya ga ya yi ƙuruciya, sai ya tura shi Stockholm da tallafin gwamnati domin ya ƙara gogewa a hannun Berzelius.

4.0 Suwidin: Kashin Maƙera da Tagwayen Siga

Ya shafe kusan shekara biyu a Suwidin. A wannan zama ya ziyarci Falun, garin da ya shahara da haƙa da narka jan ƙarfe. Abin da ya ja hankalinsa a can shi ne kashin maƙera, wato dattin da ke saura bayan an narka ma'adini. Ya tarar cewa a cikinsa akwai kiristal masu siga da sinadari daidai da na wasu duwatsun da ake samu a ƙasa. Ma'ana, murhun ɗan Adam yana iya haifar da abin da zafin cikin ƙasa ke haifarwa. Irin wannan kashin maƙera ne ke jibge a tsoffin wuraren narka tama na ƙasar Hausa, kuma daga sigar kiristal ɗin da ke cikinsa masu binciken kufai a yau suke ƙiyasta zafin da murhun ya kai da yadda ya huce.

A Stockholm ɗin ne kuma ya ci karo da kishiyar ƙa'idarsa ta farko. Ya ga wani gishirin fosfet na sodiyam yana daskarewa da siga biyu mabambanta, alhali sinadarinsa ɗaya. Wannan ya ba shi mabuɗin wata tsohuwar matsala. Akwai duwatsu biyu, kalsayit da aragonayit, waɗanda sigarsu da taurinsu da nauyinsu suka bambanta, amma Klaproth ya nuna tun a ƙarni na 18 cewa dukansu sinadarin farar ƙasa ne. Malaminsa Stromeyer ya ɗora bambancin a kan ɗan sitironshiyam da ya samu a cikin aragonayit. Mitscherlich ya ce ba sai an nemo baƙon sinadari ba: abu ɗaya ne mai siga biyu. Wannan shi ake kira daimofizim, wato tagwayen siga. Idan sigogin sun wuce biyu kuma a ce polimofizim.

5.0 Zafi da Sauyin Siga

Bayan komawarsa Berlin, an zaɓe shi mamba a Cibiyar Kimiyya a 1822, ya soma koyarwa a jami'a, ya zama cikakken farfesa a 1825. A 1823 ya kawo hujjar da ta fi ƙarfi, domin ya same ta a cikin tsantsar sinadari guda, farar wuta. Idan aka narkar da farar wuta a cikin wani ruwan sinadari aka bari ya bushe, takan daskare da ƙwayoyi gajeru masu kauri. Idan kuwa da wuta aka narka ta aka bari ta huce a hankali, sai ta fito da dogayen allurai. Bayan wasu kwanaki alluran kan dushe, su koma siga ta farko daga ciki. Awon da aka yi bayansa ya nuna cewa iyakar da ke tsakanin sigogin biyu tana wajen digiri 95 a ma'aunin Salshiyas: ƙasa da haka siga ta farko ce ke dawwama, sama da haka ta biyu.

Ya kuma inganta na'urar auna kusurwa ta Wollaston, ya ɗora mata madubin hangen nesa, ya shiga auna kiristal yana dumama su. A nan ya gano cewa kalsayit ba ya kumbura daidai ta kowane ɓangare. Idan ya ji zafi yakan miƙe ta tsawonsa, ya tsuke ta faɗinsa, kusurwoyinsa su ɗan karkace. A damunar sanyi ta 1823 zuwa 1824 ya zauna a Paris, inda ya yi hulɗa da Augustin Fresnel, masanin haske, kuma daga baya ya nuna cewa zafi yana sauya yadda haske ke ratsa kiristal ɗin jibsin. Abokinsa Gustav Rose ya cika aikin a 1837, da ya nuna cewa farar ƙasa takan kwanta a matsayin aragonayit daga ruwan zafi, ta kwanta a matsayin kalsayit daga ruwan sanyi.

Binciken nan ya yi wa oksayid ɗin ƙarafa amfani kai tsaye. Da taimakon ƙa'idar daidaiton siga Berzelius ya gyara jadawalinsa na nauyin ƙwayoyin zarra a 1826, ya daidaita cewa oksayid ɗin baƙin ƙarfe da na aluminiyam da na kuromiyam tsarinsu ɗaya ne, ƙwayar ƙarfe biyu ga ta oksijin uku. Mitscherlich da kansa, a farkon shekarun 1830, ya bi wannan hanya ya tantance tsarin gishiran manganis, ciki har da famanganet mai launin shunayya da ake wanke rauni da shi. Ƙungiyar Masana ta Ingila ta ba shi lambarta ta sarauta a 1829, shekarar da ya soma fitar da littafinsa na koyar da ilimin sinadarai, wanda aka sake bugawa sau da dama.

6.0 Jawul, Barasa da Aikin Taɓawa

A 1833 ya gasa asid ɗin da ake samu daga ƙaron benzoyin tare da ƙonanniyar farar ƙasa, ya sami wani ruwa mai saurin kama wuta, ya sa masa suna Benzin. Masu nazarin aron kalmomi za su so su bi sawun wannan suna. Asalinsa Larabci ne, luban jawi, wato turaren tsibirin Jawa. Turawa suka ɗauki gaɓar farko a matsayin harafin nuni na harsunansu suka yar, ragowar ta zama benjui, sannan benzoyin. Daga wannan tushe na Larabci Hausa ta sami kalmar jawul. Sunan da Mitscherlich ya ƙirƙira shi ne Jamusawa suke kiran man fetur da shi, kuma ya koma Larabci a matsayin banzin.

A 1834 ya juya ga yadda ake samar da eta, ruwan da likitoci suka riƙa sumar da majinyaci da shi daga 1846. Ana samunsa ne ta hanyar dumama barasa da asid ɗin farar wuta, wanda aka fi sani da ruwan batir. Ya riƙe zafin a wajen digiri 140, yana ɗiga barasa ba yankewa, ya ga eta da ruwa suna ta fita, asid ɗin kuma bai ragu ba. Ya kammala da cewa asid ɗin yana aiki ne ta hanyar taɓawa kawai, ya kira irin wannan aiki da kalmar Jamusanci Kontakt. Shekara guda bayan haka, a 1835, Berzelius ya tattara ire-iren waɗannan misalai ya ba su sunan katalisis. Sunan Berzelius ne ya yi rinjaye a duniya, amma na Mitscherlich bai ɓace ba, domin babbar hanyar da masana'antu ke bi wajen yin asid ɗin farar wuta, wadda a yau ke amfani da oksayid ɗin banadiyam, har gobe sunanta hanyar taɓawa.

A farkon shekarun 1840 ya ƙara zurfafa tunanin. Ya lura cewa gawayi yana tsotse iska mai yawa saboda ɗimbin ƙananan ramukan da ke jikinsa, ya yi ƙoƙarin lissafa faɗin farfajiyar da ke cikinsu. Ya kuma raba yis da ruwan sukari da takardar tacewa, ya ga rugumar tana faruwa ne kawai a ɓangaren da yis yake. A kan wannan batu ya saɓa da Justus von Liebig, wanda ba ya ganin yis a matsayin mai rai da ke aikin. Tsakaninsu dama babu jituwa: Liebig ne ya sauya sunan Benzin zuwa Benzol a mujallarsa, kuma a 1840 ya rubuta kakkausar suka a kan yadda ake koyar da ilimin sinadarai a Furushiya.

Ba duk awonsa ne ya tsira ba. A 1844 ya sanar da cewa wasu gishirai biyu na asid ɗin inabi daidai suke a siga da komai, sai dai ɗaya yana karkatar da haske, ɗaya ba ya yi. Wannan magana ta hana Louis Pasteur sakat, har a 1848 ya gano cewa gishiri na biyun gauraye ne na kiristal iri biyu, na dama da na hagu, kamar tafin hannu biyu. Abin da ya kuɓuce wa idon Mitscherlich ya zama mafarin wani sabon reshe na ilimi.

7.0 Ƙarshen Rayuwarsa

A shekarunsa na ƙarshe ya koma ga tambayar da Falun ta dasa masa. Ya riƙa zuwa yankin Eifel na yammacin Jamus yana nazarin tsoffin duwatsu masu aman wuta, kuma an buga sakamakon a 1865, bayan rasuwarsa. Ya kuma fito da hanyar gano gubar fosforas a cikin gawa ko abinci, wadda ke ɗauke da sunansa. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 1863, a Schöneberg, kusa da Berlin, yana da shekara 69. A wannan shekara ce Heinrich Barth, wanda ya yi ɗalibta a jami'ar lokacin da Mitscherlich ke koyarwa, kuma ya shiga Kano a 1851, ya zama farfesa a cikinta. Ɗansa Alexander ya shahara da hanyar sarrafa katako ya zama takarda, jikansa Eilhard Alfred kuma da ƙa'idar da ke bayyana yadda amfanin gona ke ƙaruwa da ƙarin taki, ƙarin yana raguwa a hankali.

8.0 Inda Hanyoyin Biyu Suka Haɗu

Mitscherlich daga waje yake auna kiristal. Sai a 1912 Max von Laue ya nuna cewa hasken eksire yana iya tona jerin ƙwayoyin zarra na ciki, William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka mayar da wannan hanyar awo a 1913. A yau ana dumama katalis a cikin na'urar ana kallon sigarsa tana sauyawa.

Abin da ake gani ya haɗa darussansa biyu. Katalis daskararre a farfajiyarsa yake aiki, faɗin farfajiyar kuma ya dogara da siga. Oksayid ɗin aluminiyam mai sigar gama yana da ramuka da yawa, har giram ɗaya kan kai faɗin murabba'in mita 200. Idan zafi ya haura digiri 1,100 sai ya koma sigar alfa, ramukan su toshe, faɗin ya faɗo zuwa 'yan mitoci. Oksayid ɗin titaniyam mai sigar anates, wanda aka fi so a aikin katalis, yakan koma rutayil daga wajen digiri 600 zuwa sama, kuma ba ya dawowa. Oksayid ɗin zarkoniyam yana sauya siga a wajen digiri 1,170. A duk waɗannan sinadarin bai canza ba, amma aikin yana iya mutuwa. Wannan na cikin dalilan da ke sa tukunyar tace hayaƙi ta mota ta daina aiki idan ta sha zafi fiye da kima, kuma shi ya sa matatar mai irin ta Kaduna ko masana'antar taki dole ta sa ido a kan zafin tukwanenta.

Maganin ma daga ƙa'idarsa ta farko ya fito. Akan cusa wa kiristal baƙuwar ƙwayar zarra da za ta zauna a gurbin ta asali ta riƙe ginin: lantanam a cikin oksayid ɗin aluminiyam, itiriyam a cikin na zarkoniyam. Katalis ɗin da Alwin Mittasch ya samar wa kamfanin BASF wajen 1910 domin yin amoniya, tushen takin zamani, oksayid ɗin baƙin ƙarfe ne da aka narka da ɗan na aluminiyam, wanda ke hana ƙwayoyin ƙarfen dunƙulewa a cikin zafi.

Tukunyar ƙasa ma a nan bayaninta yake. Jan launinta yana zuwa ne idan ma'adinin ƙarfe mai ruwan ɗorawa da ke cikin yumɓu ya saki ruwansa a wajen digiri 300 ya koma jan oksayid. Wannan sauyi ne na sinadari da siga a tare. Tsagewa kuwa sau da yawa daga yashi take. Yashi ɓarɓashin dutsen ƙanƙara ne, irin wanda ya yawaita a tsaunukan Kazaure, kuma a digiri 573 yakan sauya siga ya kumbura farat ɗaya, kamar yadda Henri Le Chatelier ya gano a 1889. Mai gashin da ke hura wuta sannu a hankali, ya kuma bar tukwane su huce cikin toka, wannan iyaka yake lallaɓawa.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi Mitscherlich daga littafin Mirkhwand zuwa ɗakin gwaji na Berlin, ta nuna yadda ya tabbatar da cewa sanin sinadaran da ke cikin abu bai wadatar ba sai an san sigar da suka jeru a kanta, da zafin da ke riƙe wannan siga. Ga masu nazarin Hausa akwai aiki a nan. Narka tama ya riga ya gushe, tsofaffin maƙera da magina tukwane na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura kuma suna raguwa, alhali a bakinsu kalmomin matakan wuta da launin gashi da ire-iren yumɓu suke. Tattara waɗannan kalmomi tun masu su suna raye shi ne zai ba masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya tushe na cikin gida da za su ɗora gini a kai.